Lakar Da Na Ɗebo A Brandt

Shekara ashirin da huɗu ina ɗebo wa Mis Loretta Pruitt laka. Aikina ke nan a ɗakin gwajinta, shi da wankin kwalabe. Kafin nan na yi ramin kwal, na tuƙa babbar mota har Texas, na yi wasu abubuwan da ba na takarda ba. Ranar da ta ɗauke ni ba ta tambaye ni shaidar makaranta ba. Hannuwana ta kalla ta ce, "Waɗannan ba za su ƙarar min da kwalabe ba?" Na ce sai an gwada.

Aikin ɗakin ba shi da wuyar ganewa. Mai kamfani ya haɗa wani sinadari, gwamnati tana son ta san in ya shiga kogi zai ruɓe ya ɓace, ko zama zai yi har jikokinmu su sha. Sai a zuba kaɗan a kwalbar ruwa, a ɗiga masa laka daga matatar ruwan ƙazantar gari, a toshe, a ajiye a duhu kwana ashirin da takwas. A cikin lakar akwai ƙwayoyin da ido ba ya gani, mu 'yan laka muke ce musu. In suna cin sinadarin suna shan iskar da ke kwalbar, murfin kuwa yana da ɗan gilashi mai nuna lamba. Suka cinye kashi sittin cikin ɗari kafin kwanakin su cika, an ci jarrabawa. Ba su kai ba, an faɗi.

Ƙa'ida ɗaya ce ta shafe ni. Dole lakar ta fito daga garin da ƙazantarsa ta gidaje ce, masai da wanka da wankin kwano. Ana son 'yan lakan da ba su taɓa ɗanɗana sinadarin ba, tunda na kogi ma ba su san shi ba. Shi ya sa kullum Cutler Fork nake zuwa, wurin Hoyt Mullins, mai kula da matatar can. Kowace ɗiba da fom ɗinta: sunan gari, rana, ƙarfe nawa, sa hannu. Wanda ya rubuta abin da ba haka ba a fom ɗin nan ya bar aiki. Ba Mis Loretta ce ta kafa dokar ba, haka take a duk ɗakin da sufetocin gwamnati ke leƙawa.

Ni kuwa rubutu yana ba ni wuya. Karatu ina yi a hankali, amma rubutu sai na zauna na ciji harshe. A aji shida na tsaya. Ba na son in tsaya gaban mutum ina zana baƙi ɗaya-ɗaya yana kallon sama yana jira. Saboda haka duk bayan wata uku nakan kwashi fom ashirin in kai gida, ranar Lahadi bayan coci in zauna in cika sunan Cutler Fork da sunana a kowanne. Rana da lokaci nake bari, su lambobi ne, ba sa ba ni wahala. Ba wanda ya sani, kuma ba a taɓa samun matsala ba, tunda ba na zuwa ko'ina sai can.

Talatar da za a fara gwajin nan, an kwana uku ana ruwan sama. Na isa Cutler Fork na tarar da Hoyt tsaye a bakin tanki cikin rigar ruwa, tankin ya tsinke kamar shayin asibiti.

Ya ce, "Virgil, jana'iza ka zo. Ruwan sama ya shigo ta kowace kwata ya wanke min su. Duk suna kogi yanzu."

"Ko bokiti ɗaya?"

"Ɗebi mana. In ka sami mai rai a ciki ka gaishe min da shi." Ya share hanci da bayan hannu. "Wuce Brandt, mil tara ne, tankinsu a tudu yake. Ce musu ni na aiko ka. Kada dai ka ce abokina ne kai, sai su hana ka."

Na tafi Brandt. Laka mai kyau, ja-ja, mai ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwa. Na cika kula, na zaro fom daga aljihu, sai ga Cutler Fork a rubuce da hannuna. Yadda ake yi shi ne ka ja layi ɗaya a kan kuskuren, ka rubuta daidai, ka rubuta dalili a gefe. Dalili kuwa jimla ce guda. Ma'aikata biyu na tsaye a kaina suna shan kofi. Na ce a raina laka laka ce. Na sa rana da lokaci, na naɗe.

Da yamma Mis Loretta ta haɗa kwalabenta goma sha takwas. Sinadarin yana cikin farar roba mai lamba kawai, 4417. Ba a rubuta sunan mai kaya a jiki, kuma ban tambaya ba.

Ranar Litinin, kwana shida da farawa, ina wanki ta ƙwala min kira daga ɗakin duhu. "Virgil, bar wannan, zo ka ga abin mamaki."

A kowane gwaji akwai kwalaben da muke sa wa benzoet, wani gishiri da 'yan laka ke ci kamar sukari, don a tabbatar suna raye. Waɗannan sun kai arba'in da tara. Na 4417 kuwa hamsin da takwas.

Ta ce, "Sun fi son shi da alewarsu! Tun da nake aikin nan ban taɓa gani ba. Har na kira Mista Rudnik, bawan Allah kamar ya yi kuka a waya."

"Wane Rudnik?"

"Ansel Rudnik mana, mai sabulun wanke injinan haƙar kwal. Gwamnatin jiha ta ce nan da kwana talatin ko ya kawo takardarmu ko ya daina sayarwa."

Na san masana'antar Rudnik. Ranar Talatar ma ta gabanta na wuce, tana kan tudu, ba ta fi jifa biyu daga matatar Brandt ba. Ruwan da suke ɗauraye durom da shi kwatar gari yake bi. 'Yan lakan da na kawo da sabulun nan aka yaye su, su da iyayensu da kakanninsu. Ba abin mamaki ba ne, tuwon gidansu aka ajiye musu.

Na koma bakin famfo na ɗauki kwalba ɗaya na yi ta wanke ta. Ba zan ce ban yi tunanin yin shiru ba, na yi, har na auna shi ta kowane gefe. Fom ya ce Cutler Fork, lamba ta yi kyau, kowa na murna. Amma na san Hoyt da littafinsa. Ranar da tanki ya wanke dole ya rubuta, dole ya aika wa ofishin jiha, ofishin da takardar Rudnik za ta je. Sufeto ɗaya mai wayo da waya a hannu ya isa. Kuma sunan da ke ƙasan takardar ba nawa ba ne, nata ne.

Na ƙirga kwanaki a yatsu. In an sake haɗa kwalabe gobe, za su cika ana saura kwana ɗaya, ya isa a rubuta rahoto a kai. In aka kai jibi, ba amfani. Ko yau ko babu.

Na same ta a ofis tana cin burodin masara a kan takardu. Na ce, "Mis Loretta, lakar nan ba ta Cutler Fork ba ce. Ta Brandt ce."

Ba ta buƙaci bayani ba. Na ga lokacin da abin ya isa mata, ta ajiye burodin a hankali.

"Fom ya ce Cutler Fork."

"Na sani. Ni na rubuta."

"Me ya hana ka jan layi ka gyara? Sau nawa na nuna maka?"

Na fita mota na ɗauko sauran, fom goma sha uku, kowanne da Cutler Fork da sa hannuna, ba rana ba lokaci. Na shimfiɗa mata a tebur. Ta ɗaga ɗaya, ta ɗaga na biyu, ta duba yadda baƙaƙen suka nitse cikin takarda don dannawa.

"Tun yaushe?"

"Tun makon farko."

"Haba, Virgil. Da ka faɗa min."

"In ce miki me? Kin ɗauki ƙato mai shekara arba'in da ba ya iya rubuta jimla a tsaye?"

Ta cire tabarau ta murza ido. "Wa ya san ka je Brandt?"

"Hoyt. Da littafinsa."

Ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakin duhu. Ban san abin da take aunawa ba, ko da yake ina jin na sani. Sannan ta buɗe aljihun tebur ta zaro fom sabo fil ta miƙo min.

"Matatu suna kulle ƙofa ƙarfe huɗu. Kawo min laka ta gidaje zalla. Ba masana'anta, ba garejin da ke wanke injin kwal. Tambayi kowa, kada ka yarda da ido."

"Maganata fa, Mis Loretta?"

"Sai daga baya."

"Ina nufin aikin—"

"Na ce sai daga baya. Sha ɗaya da rabi yanzu."

Wannan "daga baya" na riƙe na shiga a-kori-kurata. Na ce a raina ba ta ce tafi ba. In na dawo da laka, in gwajin ya tashi gobe, wataƙila ta sami hanyar da za ta bi da ni. Shekarata sittin da biyar, ba wanda zai sake kallon hannuwana ya ɗauke ni.

Cutler Fork na fara komawa. Tun daga nesa na ga tankin ya yi kauri, ja-ja, har na ji daɗi.

Hoyt ya ce, "Ka gani? Sun tashi daga matattu."

"Da kansu?"

"Da kansu a kwana shida? Kai ma dai. Ranar Alhamis na sa aka kawo min tanka biyu daga Brandt na zuba iri."

Na zauna a kan matakala.

"Kai, tsoho, lafiya? Fuskarka ta koma kamar lakar makon jiya."

"Hoyt, ka kashe ni sau biyu."

"Ni? Taimakonka na yi!"

Ban tsaya yi masa bayani ba. Na wuce Odell, mil ashirin da biyu, hanya duk kwana. Mai kula da wurin baƙo ne, ban san shi ba, ya ce ko cokali ba ya bayarwa sai da takardar magajin gari, magajin gari kuwa ya tafi kamun kifi. Na roƙe shi, har hula na cire. Ya ce shi ma aikinsa yake tsaro. Na mayar da hulata na koma mota.

A Kettle Run matar da ke wurin ta ce in ɗebi duk yadda nake so. Har na tsoma guga, sai na ɗaga kai na hango gareji a ƙetaren titi, injin haƙar kwal biyu a farfajiya, shuɗɗan durom a jere jikin bango. Na san launin, na sabulun Rudnik ne. Na tambaye ta inda ruwan garejin yake bi. Ta nuna tankin da gugata ke ciki. Na zubar, na ɗauraye gugar, na yi mata godiya. Ƙarfe uku saura kwata.

Wuri ɗaya ya rage da zan iya kaiwa, kuma tun safe na san da shi, kewaye shi kawai nake yi. Sorrel Gap: gidaje ɗari huɗu, gidan tsofaffi ɗaya, coci biyu. Mai kula da matatarsu Twila Boggs ce, matar da na bari shekara goma sha tara da suka wuce, ba tare da na yi mata cikakkiyar sallama ba.

Na isa huɗu saura minti goma, tana zura sarƙa a ƙyaure. Ta yi furfura, amma tsayuwar tana nan. Ta kalli motar, ta kalle ni.

"Wa ya mutu?"

"Ba kowa."

"To me ya kawo ka?"

"Laka nake so, Twila. Bokiti biyu."

Ta yi dariya har ta dafa ƙyauren. "Shekara goma sha tara! Uwata ta rasu ba ka zo ba, rufin gida ya faɗi ba ka zo ba. Ashe kashin mutanen Sorrel Gap ne zai dawo da kai."

"Faɗi duk abin da kike so, na cancanta. Amma ki faɗe shi ƙofa na buɗe."

"Ji shi. Har yanzu bakin na nan."

"Akwai gareji a garin nan?"

"Lonzo mai faci. Ruwansa a rami yake zubarwa bayan shago, shi da Allah."

"Kin taɓa karɓar iri daga Brandt?"

"Ni? Lakata ba ta taɓa haɗa jini da ta kowa ba. Ba kamar wasu ba." Ta ci gaba da zura sarƙar. "Na tashi aiki, Virgil. Dawo gobe, ko bayan wata shekara goma sha tara."

Na kama ƙarfen ƙyauren da hannu biyu. Ban shirya ba, maganar ce ta zubo. Na gaya mata Brandt, na gaya mata Rudnik, na gaya mata fom goma sha uku a kan teburin Mis Loretta. Na ce in na koma hannu rabbana, na kashe gwajin mutane, na ɓata sunan matar da ta riƙe ni, kuma ba ni da inda zan je gobe da safe.

Twila ce ke cika min takardu lokacin muna tare, ko ta asibiti ce. Ta daina dariya.

"Har yanzu?"

"Har yanzu."

Ta zare sarƙar. "Shigo da motar, wawa. Kada ka taka min furanni."

Da muka cika kular na zaro sabon fom na ɗora a kan bonet. Ta miƙo hannu don biron, kamar da. Na ce dole da hannuna. Ta kalle ni kaɗan, sannan ta ce ta manta famfo a buɗe, ta zagaya bayan tanki. Ba wani famfo. Sunan garin yana jikin allon ƙofa, na kwafe shi baƙi-baƙi, ina duba allo ina duba takarda. Ta ba ni kusan minti goma kafin ta fito.

Ta ce, "Bar murfin a ɗan buɗe su sha iska."

"Ni za ki koya wa?"

"Wani dai ya kamata ya koya maka wani abu."

Biyar da minti ashirin na shiga ɗakin gwaji. Mis Loretta na zaune tana jira. Fom ta fara karɓa kafin kula. Ta karanta, ta kira Twila a waya ta yi mata tambayoyin da na riga na yi, sannan muka sa wa lakar bututun iska ta kwana.

Da safe na zubar da tsofaffin kwalaben da hannuna, sun riga sun haura sittin. Na wanke, na gasa su, muka haɗa sababbi goma sha takwas. Muna cikin yi Rudnik ya kira, ina jin ihunsa daga inda nake. Yana cewa ai ta gaya masa ya ci, a ba shi lambar farko kawai, wa zai sani. Ta ce masa ita ta sani. Ta ajiye wayar ta ci gaba da auna ruwa. Ƙarfe goma sha biyu saura muka rufe ɗakin duhu. Gwajin ya tashi a kan lokaci.

Sannan ta ce in zo ofis.

Ta riga ta rubuta bayanin abin da ya faru, shafi biyu, za a manna shi a rahoton. Fom ɗin nan goma sha uku suna cikin ambulan a gefe.

"Sufeto zai karanta wannan, ya tambaye ni a cikin fom ɗin shekara ashirin da huɗu guda nawa ne irin na Brandt."

"Ko ɗaya. Na rantse da Allah."

"Na yarda, Virgil. Amma in ya juya ya gan ka da guga a hannu, ba zai yarda da takarda ko ɗaya da ta taɓa fita daga ɗakin nan ba. Ba ta Rudnik kaɗai ba."

"Na kawo lakar. Gari huɗu na zaga."

"Ka kawo."

"To ki cire ni daga ɗiba. Bar ni da wanki. In shigo ta baya, ba wanda zai gan ni."

Ta sunkuyar da kai. "Wankin kwalba ma yana da fom."

Haka ne, yana da shi. Alama kawai nake sawa da sa hannu, amma sa hannun ne ya mutu. Na tsaya ina neman wata ƙofa, ni da ban taɓa rasa abin faɗa a ciniki ba. Na ce ko shara. Ta ce ba ta da aikin shara, na san da haka. Sai na kama zare makullin ɗakin gwajin daga zobe, ya ƙi fita, sai da na sa farce. Ta ce in ɗauki takalmin roba in ina so. Na ce na ɗakin ne.

Bayan kwana ashirin da takwas, da hantsi, ina zaune a baranda wayar ta yi ƙara. Mis Loretta ce.

"Na ga ya kamata ka sani. Sittin da huɗu."

"Ya ci ke nan."

"Ya ci. Yau zan kai takardar."

Na ce, "Ashe da ma zai ci."

Ta ce, "Tankin Hoyt fa, yaushe kake ganin irin Brandt zai fita daga cikinsa?"

"Ba shi wata biyu. Kuma a tambaye shi kowane zuwa ko ya sake karɓar tanka, ba zai faɗa da kansa ba. Wa ke ɗebowa yanzu?"

"Ni."

"To ki kula da matakala ta uku, tana santsi. Kuma daga gefen da iska ke tafasa za ki ɗiba, ba daga kwana ba."

"Na gode, Virgil."

Na riƙe wayar ina jira ko akwai saura. Ina jin numfashinta, ina jin ƙarar famfo a bayanta, wani ya bar shi yana zuba ko ita ce ke wanki. Sannan ta ce ana kiran ta a ɗaya layin.